Kunyar da na sha a kemis ɗin Manchesta

Mutanen Agege, ina gaisuwa. Wata takwas ke nan ina aiki a wani kemis a nan Ingila, kuma ranar Talata bakina ya ja mini abin da har yanzu nake jin nauyinsa.

Wata doguwar mata ta zo karɓar maganinta, muryarta mai kauri. Na duba leda, istirojin ne, sinadarin da ke fito da siffar mace. Sai na ji kaina ina cewa, "Na matarka ne?" Ba ta ce uffan ba, ta karɓa ta fita. Shugabarmu ta ja ni ɗakin baya. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce matar tana cikin masu sauya jinsi, likita ne ya rubuta mata, ni kuma suna da adireshi kawai aka ce in tambaya.

Daga nan ta buɗe mini durowa. Ga ƙwaya ta haɗiya, wadda ke bi ta hanta, shi ya sa ta fi haɗarin daskarar da jini. Ga filasta da ake mannawa a cinya ko ƙasan cibiya, a canza sau biyu a mako. Ga na shafawa irin Oestrogel, kullum a hannu. Wanda ya haura shekara 40 ko yake shan taba, na fata aka fi ba shi. Allura kuwa a Amurka ta fi yawa. Irin waɗannan magungunan ne dai iyayenmu mata ke sha in al'ada ta ɗauke. Kuma duk wanda aka ɗora a kai, sai an riƙa auna jininsa.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Mutum kan shekara da shekaru yana jiran layin asibitin da ke duba masu sauya jinsi. Ni ma in zan ga likita, sai na kama waya ƙarfe 8 na safe, cikin sanyin da ke sa ni kewar burodin Agege da shayin bakin tasha.

Amma tun ranar nake tuna wani yaro da ke zuwa kantinmu na magani a Agege bayan isha'i, ya sayi ƙwayar tsarin iyali, ya ce aike ne. Mun san ba aike ba ne. Mu karɓi kuɗinsa, yana juya baya mu fashe da dariya. Ashe istirojin da ke cikin irin wannan ƙwayar shi ne likitoci suka hana a yi amfani da shi wajen sauya jinsi, saboda gudan jini kan toshe jijiyar ƙafa ya wuce huhu. Ko taba ban taɓa tambayarsa yana sha ba.

Yaya, kai ke riƙe da kantin yanzu. In har yana zuwa, don Allah ka ja shi gefe, ban da idon yaran shago, ka faɗa masa abin da ƙwayar nan ke yi, ka tura shi ya ga likita.