NationStates: na nemi kujerar alƙali a ciki har sau biyu, ga abin da na gani

Jama'a na daɗe ina son in yi rubutu kan wannan wasan, don duk wanda na ba labari sai ya ɗauka irin gem ɗin nan ne na harbe-harbe ko gina birni, alhali ko kusa ba haka ba ne. NationStates rubutu ne kusan zalla, ba sauti ba hoto mai motsi, burauza kawai kake buƙata ko a waya ko a kwamfuta kuma ba ya cin data sosai. Wani marubuci ɗan Ostireliya mai suna Max Barry ne ya buɗe shi a Nuwambar 2002, kuma har yau yana nan daram ana yi, kyauta. Akwai 'yan abubuwan da mutum zai iya saya in ya ga dama, kamar kan sarki na tura telegiram da yawa, wato saƙon da 'yan wasa ke aika wa juna a cikin wasan, amma ni tunda na fara ban taɓa jin wani abu ya tsaya min don ban biya ba.

Farkon shiga ba wuya. Ka zaɓi sunan ƙasarka, tuta, take, sunan kuɗi da dabbar ƙasa, ka amsa 'yan tambayoyi, shi kenan ka zama shugaba. Daga nan kullum za a riƙa kawo maka matsaloli kana yanke shawara, kowace shawara tana taɓa 'yancin jama'a ko tattalin arziki ko 'yancin siyasa, har a jefa ƙasarka cikin ɗaya daga nau'o'in gwamnati 27 da suke da su. Wannan ɓangaren yana da daɗi na 'yan makonni, amma gaskiya da shi kaɗai ne da tuni na bari. In ka yi kwana 28 ba ka leƙa ba ƙasar taka ma sai ta ɓace, sai dai ka dawo ka farfaɗo da ita.

Abin da ya riƙe ni shi ne yankuna. Kowace ƙasa tana zaune ne a cikin wani yanki, kuma akwai majalisar duniya da suke kira World Assembly, wadda a da sunanta Majalisar Ɗinkin Duniya ne sak, sai a 2008 ta gasken ta aiko da takarda cewa a daina amfani da sunanta aka canza. Mutum ɗaya ƙasa ɗaya tak zai sa a majalisar, membobi suna mara wa juna baya, wanda ya fi samun goyon baya a yanki shi ne daliget, kuma a yankuna da yawa yana da ikon korar ƙasa ya ma hana ta dawowa. To a nan ne maganar kotu ta samo asali, kuma abin da ya fi burge ni ke nan: wasan kansa bai zo da kotu ba, babu wani maɓalli da za ka danna a ce maka ga shari'a. 'Yan wasa ne da kansu suka ga cewa mutum ɗaya yana da ikon fatattakar kowa, suka zauna suka rubuta tsarin mulki da dokokin laifuka da kotun da za ta taka masa burki, kuma abin yana aiki ne kawai saboda mutane sun yarda su bi. A yankin da ake kira The North Pacific misali 'yan ƙasa ne ke zaɓen alƙalai duk bayan wata huɗu, su kuma alƙalan su fitar da babban joji a tsakaninsu. A yankin Europeia kuwa shugaban ƙasa ke miƙa suna majalisar dattawa ta tantance. Kowa da tsarinsa.

Ni yankin da nake matsakaici ne, ba zan faɗi sunansa ba, kuma zaɓe ake yi. Na yi 'yan watanni a matsayin ɗan ƙasa ina kaɗa ƙuri'a ina sauraro, sai aka buɗe takarar alƙalai na ce bari in gwada, don tun can ina son karanta doka kuma na riga na haddace tsarin mulkin yankin kusan sashe-sashe. Na zauna rubuta takardar kamfe, wallahi nan na gane na shiga wani abu daban. Mai neman daliget zai ce zan kawo sababbin membobi, zan ƙulla ƙawance da yanki kaza, zan farfaɗo da rundunar tsaro. Mai neman majalisa zai ce zan kawo ƙudiri kaza. To kai mai neman alƙali me za ka ce za ka yi wa mutane? Duk alkawarin da zai ja ƙuri'a shi ne dai alkawarin da bai kamata ya fito daga bakin alƙali ba. Ba za ka ce zan hukunta wane ba, ba za ka ce zan soke dokar da kuke ƙi ba, abin da ya rage maka kawai shi ne ka ce zan karanta doka yadda aka rubuta ta, zan fitar da hukunci da wuri, zan rubuta dalilaina kowa ya gani, kuma sauran 'yan takarar ma abin da suka rubuta ke nan kusan kalma da kalma.

Sai lokacin tambayoyi ya zo, wanda shi ne ainihin kamfen ɗin. A lokacin akwai wani kes a gaban kotu, an kori wani memba bisa zargin yana kai wa maharan wani yanki, wato 'yan wasan da ke mamaye yankunan wasu su ƙwace kujerar daliget, bayanan sirri, kuma yankin ya rabu biyu a kai, wasu na cewa daliget ya yi daidai tunda tsaro ne, wasu na cewa an kore shi ba tare da an saurare shi ba. Wata 'yar majalisa ta tambaye ni kai tsaye, in ka hau kujerar nan korar tana kan doka ko ba ta kan doka? Ina da ra'ayi kam, sosai ma, amma na ce mata ba zan iya faɗa ba domin akwai yiwuwar kes ɗin ya iso gabana, kuma in na faɗa yanzu wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba zai ce tun kafin a ji shaidu na gama yanke nawa. Na yi bayanin yadda nake fahimtar sashen da ya ba daliget ikon gaggawa, da irin tambayoyin da zan yi wa kowane ɓangare, na tsaya nan. Wasu suka yaba, amma da yawa suka ce kwana-kwana nake yi. Ɗaya daga cikin abokan takarata kuwa ya fito ƙarara ya ce korar ta saɓa doka, nan take ɓangare guda suka rungume shi.

Abin da ya fi min nauyi ma ba a bainar jama'a ya faru ba. Wani aboki na a wasan, wanda shi ya fara mara min baya tun ina sabo ya kuma koya min abubuwa da yawa, ya turo min telegiram yana cewa zai tattaro min ƙuri'un mutanensa, sai dai yana son ya ji cewa in ƙarar da yake shirin shigarwa ta zo zan dube ta da idon rahama. Bai ɗauki abin a matsayin laifi ba ko kaɗan, a wurinsa zumunci ne. Na yi kusan kwana guda ban ba shi amsa ba, daga baya na rubuta masa cewa in ƙararsa ta zo ni janyewa zan yi daga zaman saboda kusancinmu, wani alƙalin ya ji ta. Ya ce ya fahimta, amma ƙuri'un ba su zo ba, kuma na faɗi zaɓen. Ya yi min ciwo ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ina tunanin abin.

Bayan nan ne na koma ina karanta yadda ake fama da wannan matsalar a duniyar gaske, sai na ga ashe ba mu muka fara ba. A Amurka alƙalan tarayya shugaban ƙasa ke naɗa su majalisar dattawa ta amince, amma jihohi da yawa zaɓen alƙalansu suke yi, da fosta da talla da tara kuɗi. A 2002 kotun ƙolin ƙasar ta soke wata ƙa'ida ta jihar Minnesota da ta hana 'yan takarar alƙalanci bayyana ra'ayinsu kan batutuwan da ake taƙaddama a kai, ta ce ta tauye 'yancin magana. A 2009 kuma a wata shari'a daga West Virginia ta ce dole alƙali ya janye daga ƙarar kamfanin mutumin da ya kashe kusan dala miliyan 3 wajen ganin ya ci zaɓe. Bolibiya ta fara zaɓen manyan alƙalanta a 2011, Meziko ma ta yi nata a Yunin 2025 har da na kotun ƙoli. Tambayar da 'yar majalisar nan ta yi min da saƙon abokina, su ne dai waɗannan manyan rigingimun a ƙaramin faifai, kuma na daɗe ina karanta su a labarai amma ban taɓa jin su a jikina ba sai a wasan nan.

Zagaye na biyu ban canza matsayina ba, abin da na canza shi ne abin da nake da shi a hannu. A tsakanin zaɓukan na zauna na bi tsofaffin hukunce-hukuncen kotun tun na farko na tsara su bisa batu don kowa ya iya nema, na kuma tsaya a matsayin lauyan wani sabon memba da ake tuhuma da tallata wani yanki a cikin namu, wanda ashe bai ma san akwai dokar ba, muka samu aka mayar da hukuncin gargaɗi maimakon kora. Da lokacin tambayoyi ya zo ba sai na yi ta rantsuwa cewa ni adali ne ba, na ce ga abin da na rubuta ku karanta ku gani ko tunanina ya yi muku. Na samu kujerar, da ƙyar dai amma na samu.

Wanda zai shiga ya san wasu abubuwa tun yanzu. Kusan komai da Turanci ake yi, kuma ɓangaren kotu Turancin doka ne mai tsawo, in karatu yana gundurarka wannan ba naka ba ne. Abu ne mai tafiya a hankali, shari'a ɗaya tana iya cin makonni saboda alƙalai da lauyoyi suna ƙasashe daban-daban wani na barci wani na wurin aiki. Kuma daɗin da za ka ji ya dogara kacokan kan yankin da ka faɗa, akwai masu rai da doka da muhawara kullum, akwai waɗanda tsarin mulkin yana nan a rubuce amma ba kowa, don haka kafin ka nemi zama ɗan ƙasa ka duba yaushe kotunsu ta yanke hukunci na ƙarshe, kuma ko daliget ya bi hukuncin. Galibin hirar yau da kullum a manhajar hira ta Discord ake yi, in ba ka shiga can mutane ba za su san ka ba balle su zaɓe ka.

Ni dai ina ba shi taurari huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na rage saboda sabon shiga yana iya yin watanni yana amsa matsalolin ƙasarsa kawai bai san akwai wannan duniyar ta kotu da majalisa a bayan labule ba, sai in ya yi sa'ar wanda zai ja hannunsa. Yanzu haka akwai wata buƙatar fassara doka a gabanmu kan ko majalisa na da ikon tsige alƙali ba tare da ta bayyana dalili ba, mu uku ne a zaman kuma ni aka ba rubuta daftarin farko. Ƙarar abokin nawa ma ta shigo a makon jiya, na riga na miƙa takardar janyewa, kuma ya turo min telegiram ya ce ya gani.