Kujerar hawa bene ga Hajiya: miƙaƙƙiya ko mai lanƙwasa?

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Ka ce gwiwoyinta sun daina ɗaukar hawan bene, ɗakinta kuwa yana sama, matakalar gidanku kuma tana juyawa a wani dandamali da ke tsakiya. Ka ga kujerun lantarki iri biyu a intanet, mai miƙaƙƙen layi da mai lanƙwasa, kana son sanin wadda za ka saya a kawo Damagaram.

Aikinsu dai ɗaya ne. Kujera ce da ke bin layin ƙarfe mai haƙora, ƙaramin inji a ƙarƙashin mazauni yana juya wani gargare da ke cizon haƙoran. Tafiyar a hankali take, ƙa'idar Turai ba ta yarda ta wuce santimita 15 a daƙiƙa ba. Layin kuma a kan matakalar ake kafa ƙafafunsa da kusoshi, ba a jikin bango ba kamar yadda mutane da yawa ke zato. Don haka duk wanda matakalarsa ta ƙasa ce, irin ta tsofaffin sorayen Birni, maganar ta tsaya a nan, domin kusa ba ta riƙe jar ƙasa. Idan matakalarku ta siminti ce, sai mu ci gaba.

Miƙaƙƙiya ita ce mai sauƙin sha'ani. Layinta na sanholo ne, ana yanka shi daidai tsawon matakalar, kuma ƙafafunsa suna da wurin daidaitawa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, don ka san aikin maginanmu: taki ɗaya ya yi tsawo, na gaba ya gajarta, babu biyu da suka zo daidai. Wanda ya ƙware yana kafa ta cikin yini guda. A Faransa kuɗinta yakan fara ne daga wajen Yuro 3,000 har da kafawa, wato kusan miliyan 2 na sefa, tun kafin a yi zancen dako da duwan.

Mai lanƙwasa kuwa ɗinkin tela ce. Sai an zo an auna matakalarka taki-taki, yawanci da hotuna na musamman, a aika ma'aikata a lanƙwasa layin daidai da ita kaɗai. Kamfanonin da suka yi suna, irin su Stannah da Acorn na Ingila da Otolift na Holan, dukkansu da awon wakilinsu suke aiki. Kuɗinta yakan ninka na miƙaƙƙiya biyu ko fiye, kuma akwai jiran makonni. A nan ne nake jin tsoro. Idan kai ka auna da mita ka tura lambobi ta WhatsApp, aka ƙera a Turai ko Caina, ta iso Damagaram lanƙwasar ba ta hau kan dandamalin ba, wa za ka kama? Mai walda ba zai iya gyara layin ba tare da ɓata jerin haƙoran ba, mai sayarwa kuma zai ce awonka ne. Saboda wannan dalilin ne ma ban ga amfanin sayen mai lanƙwasa na hannu ba, ko da ɗan'uwa a Turai ya same ta da arha: don benen wani aka ƙera layinta. Miƙaƙƙiya ta hannu tana iya yin amfani idan layinta ya fi matakalarka tsawo, sai a rage, a sa sabbin batura.

To ga matakala mai juyawa irin taku akwai hanya ta uku da masu talla ba su cika ambata ba: miƙaƙƙu biyu, ɗaya daga ƙasa zuwa dandamali, ɗaya daga dandamali zuwa sama. Sau da yawa biyun a haɗe ba su kai kuɗin mai lanƙwasa ɗaya ba, kayan gyaransu iri ɗaya ne, babu kuma fargabar awo. Aibinta shi ne sai Hajiya ta tashi daga wannan ta koma waccan a tsakiyar bene. Idan tana iya tashi da kanta ta yi taku biyu-uku, dandamalin kuma yana da faɗi, babu laifi. Idan kuwa tana fama da jiri, ko sai an kama ta take miƙewa, kada ka yi. Tsakiyar bene ba wurin gwada ƙafa ba ne.

Kafin komai, ɗauki mita. Faɗin matakalar ya kai wajen santimita 75, don gwiwar mai zama a gefe take fuskanta, kada ta riƙa gogar bango. Yawancin kujerun suna ɗaukar kilo 120 zuwa 140, akwai masu ƙarfi da suka fi haka. Idan gwiwar ba ta lanƙwashewa sosai, akwai wadda ake jingina a kai kusan a tsaye. Idan matakalar a tsakar gida take, rana da ruwan damina suna dukanta, to sai irin ta waje mai rufi. Ta cikin ɗaki ba za ta jure ba.

Maganar wuta za ta zo maka a rai, kuma da gaskiyarka. Dukkanmu mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma ko babu rikici, watannin bazara sun ishe mu shaida. Amma a nan iri biyun ba su bambanta ba: da batura biyu masu bolt 12 suke tafiya, wutar NIGELEC caji kawai take yi, don haka ko an ɗauke, kujerar za ta yi hawa da sauka da dama kafin ta gaji. Sharaɗin shi ne a riƙa ajiye ta a wurin cajinta, a ƙarshen layi, kuma kada mai tattalin wuta ya kashe soket da dare. Cinta kaɗan ne, sola ta gida tana ɗaukarta. Abin da ya fi ɗaukewar wuta ɓarna shi ne dawowarta da ƙarfi, don haka ka sa na'urar daidaita wuta gaban cajar. Zafi kuma maƙiyin batir ne. Wanda zai yi shekara 3 zuwa 5 a Turai, a garin da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kada ka sa ran zai kai haka. Tambayi mai sayarwa girman baturan tun yanzu, ka duba ko masu sayar da kayan sola a kasuwa suna da irinsu.

Sai ƙurar hunturu. Idan ta haɗu da man da ke kan haƙoran layi sai ta zama dattin da ke cinye gargaren, don haka a riƙa goge layin da busasshen ƙyalle, a rufe kujerar idan ba a amfani da ita. Ka kuma gaya wa Hajiya ta riƙa tattara zani da mayafi a cinya, ta ɗaura bel, kada gefen tufa ya shiga layin. Jikoki kuwa, za su mai da ita lilo ranar farko. Ka zaɓi mai makulli, makullin ya zauna hannunta.

Nawa ra'ayin: kada ka biya ko dala sai ka san sunan wanda zai kafa ta da wanda zai zo ranar da ta tsaya. Daga Kano kusan kilomita 240 ne, daga Yamai wajen 900, kuma kowace zuwa kai za ka biya mota da masauki. Idan akwai dillalin da zai turo mutum ya auna da kansa, ya kafa, ya rubuta garanti da alƙawarin kayan gyara, mai lanƙwasa ta fi daɗi ga tsohuwa, zama ɗaya har sama. Idan babu, miƙaƙƙu biyu, muddin likitanta ya ce tana iya sauyin kujera.

Ka kuma zauna da Hajiya ka ji ta bakinta game da saukowa ƙasa baki ɗaya. Kuɗin mai lanƙwasa zai gyara mata ɗaki a ƙasa da makewayi mai masai na zama da ƙarfen riƙewa, har a samu canji. Wasu iyayen ba sa son barin ɗakin da suka saba, musamman don iskar sama da bazara, wasu kuwa sun fi son kusa da tsakar gida inda ake hira. Turo mana faɗin matakalar da na dandamalin da hotonsu daga sama, sai mu ga ko miƙaƙƙu biyun za su shiga.