Django da kayan rubuta takardun bayani: wanne za ka ɗauka?

Duk wanda ya taɓa sa Sphinx, kayan da ke haɗa takardun bayanin kod, ya fitar masa da takardun bayanin wani aikin Django, tsarin gina manhajojin intanet da Python, ya san jan saƙon nan: `AppRegistryNotReady`, ko ɗan'uwansa `ImproperlyConfigured`. Kod ɗinka lafiya lau yake gudana, amma da zarar kayan bayani ya taɓa `models.py` sai ya tsaya cak. Mutane da yawa daga nan sukan fara neman wani kayan, su gwada pdoc, su koma MkDocs, su tarar da wata sabuwar matsala. Kafin ka zaɓa, tambaya ɗaya ce ke raba kayan nan gida biyu: shin kayan yana loda kod ɗinka ya gudanar da shi, ko karanta shi kawai yake yi kamar wasiƙa?

Abin da ya sa tambayar ke da nauyi shi ne, abin da ka rubuta a model, wato ajin da ke siffanta tebur a rumbun bayanai, ba shi ne abin da ke wanzuwa bayan Django ya tashi ba. Ka rubuta `suna = models.CharField(max_length=80)`, amma Django yana kwashe wannan gurbin ya ajiye shi a `_meta`, ya dasa wani mai gadi a wurinsa. Haka kuma yana ƙara abubuwan da hannunka bai rubuta ba: gurbin `id`, da `objects`, da `marubuci_id` idan kana da `ForeignKey` mai suna `marubuci`, da `littafi_set` a ɗaya ɓangaren alaƙar, da `get_matsayi_display` ga gurbin da ke da zaɓuɓɓuka. Mai lodawa zai ga duk waɗannan. Mai karantawa kuwa ba zai gan su ba.

Mu fara da Sphinx da autodoc, tsohon hannu. Georg Brandl ne ya fitar da Sphinx a 2008 don takardun Python kanta, kuma takardun Django ma da shi ake gina su. Autodoc, ɓangaren Sphinx da ke ciro bayani daga kod, mai lodawa ne. Tun Django 1.7 na 2014, ba a taɓa model sai an yi rajistar manhajojin aikin, don haka maganin jan saƙon can layi uku ne a `conf.py`, fayil ɗin saitunan Sphinx: ka sa babban kundin aikin a `sys.path`, ka saita `DJANGO_SETTINGS_MODULE`, ka kira `django.setup()`. Idan bayan haka ya ce wani model bai bayyana `app_label` ba, galibi hanyar da ka sa a `sys.path` ta sa ana loda fayil ɗin da wani suna dabam da wanda ke cikin `INSTALLED_APPS`.

To, an wuce wannan, sai ka buɗe shafin ka tarar kowane gurbi na ɗauke da jimla iri ɗaya, wadda ba kai ka rubuta ba. Bayanin mai gadin nan ne, `DeferredAttribute`, ya maimaita kansa sau hamsin. Maganinsa sphinxcontrib-django, wanda ke leƙa `_meta` ya jero gurabe da nau'insu da `verbose_name` da `help_text`, ya kuma haɗa alaƙoƙi da shafukansu. Za ka iya rubuta naka ta hanyar `autodoc-process-docstring`, amma ban ga dalilin haƙa rijiya a bakin kogi ba.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan haɗari, don ba ya yin ƙara. A ce kana da aji mai layin `queryset = Abokin.objects.all()`, kamar yadda aka saba a Django REST framework. Autodoc yana son nuna ƙimar kowane abu, sai ya kira `repr`, wanda ke mayar da abu rubutu, a kansa, shi kuwa `repr` na QuerySet, wato abin da layin nan ke samarwa, yana zuwa rumbun bayanai da gaske ya ɗebo layuka har ashirin ya nuna. Idan babu rumbun, ginin zai iya jinkiri ko ya yi ƙorafi. Idan kuwa akwai shi, sunayen mutane na gaske za su iya faɗawa cikin shafin da za ka ɗora a intanet. Shi ya sa ake ware fayil ɗin saituna na musamman don takardu, mai SQLite na cikin ƙwaƙwalwa, a kuma yi amfani da `:no-value:` ko a sauya `__repr__` ɗin a `conf.py`. Kada ka gina takardu da saitunan sabar da jama'a ke aiki a kanta, ko sau ɗaya.

Wani zai ce a yi amfani da `autodoc_mock_imports` a maye gurbin Django gaba ɗaya da na bogi. Ginin zai wuce, amma model ɗinka zai gaji wani abu na bogi, ka rasa duk abin da ka zo nema. Wannan zaɓin ya dace da laburaren da ke da wuyar girkawa, ba ginshiƙin aikin ba.

Pdoc ma mai lodawa ne, kuma farin jininsa shi ne ba ya buƙatar saiti. A Django wannan sauƙin ya koma cikas, tunda babu `conf.py` da za ka sa `django.setup()` a ciki. Dole ka rubuta ɗan fayil da zai tayar da Django sannan ya kira pdoc. Ka kuma lura pdoc da pdoc3 ayyuka biyu ne dabam, na biyun lasisinsa AGPL ne. Ga ƙaramin laburare ya isa, ga aiki mai model talatin ban ba da shawararsa ba.

A ɗaya gidan akwai sphinx-autoapi na mutanen Read the Docs, da mkdocstrings wanda ke aiki da MkDocs ta hanyar Griffe, laburaren da ke karanta masa kod. Su biyun karantawa suke yi, don haka ba ruwansu da saituna, ba ruwansu da rumbun bayanai, ba sai ka girka direban PostgreSQL ko GDAL, laburaren bayanan taswira, a injin da ke gina takardu ba. Wanda ya taɓa kwana yana fama da girka GDAL don kawai shafi ya fito ya san darajar wannan. Autoapi ma yana tsallake kundin `migrations`, inda Django ke ajiye sauye-sauyen tsarin rumbu, da kansa, alhali a `sphinx-apidoc` sai ka cire shi da hannu, in ba haka ba `0001_initial` da ƙannensa su cika maka shafi. Abin da za ka biya shi ne abubuwan nan da Django ke ƙarawa: ba za su fito ba, kuma `help_text` zai tsaya a cikin layin kod maimakon ya zama bayani. Tsakanin su biyun, zaɓin na rubutu ne: idan abokan aikinka sun saba da Markdown, mkdocstrings, idan kuna da tsofaffin takardu a reStructuredText, autoapi.

Akwai na biyar da ake yawan mantawa da shi, kuma yana cikin Django tun asali: `django.contrib.admindocs`. Ka girka docutils, ka ƙara shi admindocs ɗin a `INSTALLED_APPS`, ka sa hanyar `admin/doc/` kafin ta `admin/`, shi ke nan. Tunda a cikin manhajar da ke gudana yake zaune, matsalar lodawa ba ta taso ba, yana kuma nuna gurabe da alaƙoƙi da `help_text`. Sai dai ma'aikatan da suka shiga da kalmar sirri ne kawai ke gani, ba shafi ba ne da za ka bai wa na waje.

Masu SQLAlchemy, wani laburaren Python na aiki da rumbun bayanai, ba su tsira ba. Ginshiƙansu na komawa `InstrumentedAttribute`, kuma a Flask, wani tsarin irin Django, taɓa `Model.query` ba tare da an buɗe mahallin manhaja ba yana jawo kuskure. Rabon gida biyun nan haka yake a wurinsu.

Ni dai, idan model ne zuciyar aikin kuma wasu za su dogara da takardun su rubuta tambayoyin rumbu, Sphinx da sphinxcontrib-django nake ɗauka, in haƙura da wahalar saiti. Idan yawancin takardun jagora ne da aka rubuta da hannu, model kuma kaɗan ne, mkdocstrings. Idan ba ka yanke shawara ba tukuna, rubuta bayanin kowane gurbi a layin da ke ƙasansa, cikin alamun zance uku-uku. Autodoc da autoapi da pdoc da Griffe duk suna karanta wannan salon, saɓanin sharhin `#:` wanda na Sphinx ne, don haka ranar da ka sauya kaya ba sai ka sake bin `models.py` layi-layi ba.