Kafin ka sayi maganin hana bishiya zubar da 'ya'ya

Duk mai lambu ya san ciwon nan, ka fito da safe kaga gindin lemu ko mangwaro fal da ƙananan 'ya'ya kore shar, nan da nan hankali ya tashi sai neman maganin feshi. Ɗan uwa dakata tukuna, ka fara gane me ke damun bishiyar.

Idan ƙishirwa ko zafi ya matsa mata, wani sinadari da ake kira ABA ne yake yawaita a jikinta, ya rufe 'yan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska dasu don kar ruwa ya tsere. To ta nan ne kuma iskar da take haɗa abinci da hasken rana ke shiga, kaga sukari ya ragu kenan, 'ya'ya kuma gasu da yawa kowa na jira, sai wani sinadarin mai suna itilin ya taso ya narkar da gaɓar da ta riƙe ɗan a jikin reshe. Ɗauki ɗaya daga ƙasa ka duba wuyansa, zaka ga wurin ya rabu sumul kamar an yanka da reza. A lemu ma sau da yawa sai bayan an kwarara ruwa kan bishiyar da ta sha ƙishi zubar ke tsananta, abin da ya taru a saiwa ne ruwan ke haurawa dashi sama.

Shi yasa ni in kuɗin kaɗan ne, tiyon ban ruwa mai ɗigo da ciyawar rufe gindi nake cewa a fara saya, don su ke sa ƙofofin nan su zauna a buɗe. Inda rana ke ƙona ganye akwai ragar inuwa, ko farin yumɓun kawolin da ake fesawa irin Surround, shi dai ruwan sama na wanke shi sai an maimaita.

Sai magungunan feshi na kwalba. NAA yafi sauƙin kuɗi, yana kwaikwayon oksin, sinadarin jikin bishiya da ke ƙarfafa gaɓar, a tuffa dab da tsinka yana kama aiki cikin 'yan kwanaki amma bai cika wuce kwana 10 zuwa 14 ba, kuma yana iya sa 'ya'yan su yi laushi da wuri. Abin da nake so a kiyaye sosai, wannan NAA ɗin dai masu tuffa ke fesawa bayan fure don su RAGE 'ya'ya, wato in ka kuskure lokaci da kanka zaka kakkaɓe su. AVG, wanda ake sayarwa da sunan ReTain, shi hana bishiya yin itilin ɗin yake, a tuffa ana fesa shi kamar sati 3 zuwa 4 kafin tsinka, yana da tsada kuma yana jinkirta nuna da launi, ya dace da mai babban lambun da bazai iya tsinkewa lokaci ɗaya ba. GA3 na taimakon wasu lemu su riƙe 'ya'ya bayan fure, sai dai in aka fesa a lokacin da bai dace ba furen baɗi yana raguwa.

In kaga an rubuta ethephon a kwalba to ajiye shi, itilin yake saki, na nunarwa ne. Duk maganin da zaka saya ka duba takardar jikin kwalbar ko sunan bishiyarka na ciki, ka gwada a bishiya biyu ko uku ka bar na kusa dasu ba feshi, bayan sati biyu ka ƙirga abin da ya zuba a gindin kowacce.