Wata goma ina zuwa gidan motsa jikin mata na Gesse, ga abin da na gani

Salamu alaikum matan Birnin Kebbi. Tun da na sa hoton gidan motsa jikinmu ranar Alhamis ake ta tambayata a WhatsApp wai ina ne wurin, nawa ake biya, kuma da gaske maza ba su shiga? To bari in amsa muku gaba ɗaya in huta.

Wurin yana wajen Gesse, gida ne aka mayar da falon da tsakar gidan wurin motsa jiki, mata zalla, maigadi ma bakin get yake tsayawa. Likita ce ta turo ni bara bayan Babbar Sallah, da aka auna aka ce jinina ya hau kuma suga na neman shiga, ta ce Hajiya magani kaɗai ba zai yi ba, ki samu ko minti 150 a sati kina motsa jiki, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga manya, wato minti 30 sau biyar ke nan. Na fara da zagaye wajen filin wasa na Haliru Abdu bayan asuba, sati uku na yi na bari, don ni kaɗai ce kuma in ban fito ba babu mai cigiyata.

Ana biyan dubu 8 a wata. Kayan aiki kam gaskiya ba su da yawa, injin gudu biyu ne, keke uku, sai 'yan ƙarafunan ɗagawa da tabarmin roba. Ɗaya daga injinan ya lalace ya fi wata ba a gyara ba, banɗaki kuma ɗaya ne tal ga mata kusan talatin. Babban abin da ke ci min rai shi ne wuta, in aka ɗauke fanka ta tsaya a wanga zafi na Afrilu da ke wuce digiri 40 wallahi falon ba ya zaunuwa, janareta kuma sai an samu mai. Wadda ke neman wuri mai esi da madubi ko'ina kada ta ɓata kuɗin Keke Napep ɗinta.

Amma abin da ya riƙe ni, ba a rufe wurin. Da damina muka koma cikin falo, da hunturu ya kankama Anti mai wurin ta ɗaga lokaci zuwa ƙarfe 8 muka dinga yi a tsakar gida cikin hantsi, da azumi kuwa da na ɗauka shi ke nan sai bayan Sallah, sai ta ce a'a kowa ta zo bayan asham ko minti 20 ne a miƙe jiki, kuma aka zo ɗin, wasu har da kunun tsamiya a fulas. Ranar Alhamis ba a taɓa inji, rawa ake yi. Ana kifa ƙwarya cikin ruwa a yi kiɗa irin na amada, akwai wata baiwar Allah 'yar Zuru da ke koya mana takun rawarsu ta bikin Uhola, kafin minti goma zufa ta jiƙa ki sharkaf ba ki ma san kin yi aiki ba. Akwai wata Inna da ta haura 60, da sanda ta fara zuwa saboda gwiwa, yanzu ita ke fara shiga fili. Muna da adashi, in wata ta haihu ko aka yi mata rasuwa tare muke zuwa, kuma in kika yi kwana biyu ba ki zo ba sai kin ga kira, Yaya lafiya?

Ƙanena da ke aiki a Atina can ƙasar Girka, da nake ba shi labari a waya sai ya ce Yaya ai irin rayuwar mutanen Ikariya ke nan. Wani ɗan tsibiri ne a tekun Ejiyan kusa da Samos, mutanensa ba su kai dubu 10 ba, kuma yana cikin wurare biyar da wani marubuci Ba'amurke, Dan Buettner, ya lissafa inda mutane ke yawan tsawon rai, tare da su Okinawa ta Japan da Sardiniya ta Italiya. Ƙanen nawa ya je da kansa. Ya ce ƙasar duk tudu da gangare ce, tsoho zai hau ya sauka zuwa gonarsa da wajen awakinsa kullum, ga maɓuɓɓugar ruwan zafi a Terma kusa da babban garinsu Agiyos Kirikos inda masu ciwon gaɓoɓi ke shiga. Suna da bikin ƙauye da suke kira panigiri, a dafa naman akuya a goga goge irin nasu, yaro da kaka su dafa kafaɗar juna su yi da'ira ana rawa har gari ya waye, kuɗin da aka tara kuma a yi wa ƙauyen aiki da shi. Su kam maza da mata haɗe suke yi kuma akwai giya, wannan ba tamu ba ce. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ya ce in sanyi ya shigo baƙi 'yan yawon buɗe ido sun watse, jiragen ruwa sun ragu, mutanen garin ba su fasa taruwa. Da na gaya wa Anti daɗi ya kama ta, ta ce to mu ma ba mu fasawa.

Satin da ya wuce na koma awo, likita ta ce jinin ya sauka in ci gaba da magani da abin da nake yi. Anti don Allah in kin ga wanga rubutu a taimaka a sa sola ko ta fanka huɗu ce, mun yarda a ƙara mana ɗari biyar a wata. Wadda ke son gwadawa ta zo Alhamis bayan la'asar da takalmi mara tsini da gorar ruwanta, ranar farko ba a karɓar ko sisi.