Wata uku ina ciniki daga kan gadon jinya da WhatsApp Business, ga abinda na gani

Salamu alaikum jama'a. Tunda na fara samun sauƙi mata ke ta tambayata wai ya akayi ina kwance amma kasuwa bata mutu ba, wata har cewa tayi in gaya mata malamin da ya min aiki, shi yasa nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta dan wallahi bakina ya gaji da yin vokal, wato saƙon murya.

Ni a Ngaundare nake a Kamaru, turaren wuta da humra nake haɗawa shekara tara kenan, ina da ɗan tebur a kasuwa. Kayan haɗi su hawi da gabgab da sandal da farce daga Njamena ake sayo min, su tsallako gada zuwa Kusuri, mota ta biyo dasu ta Marwa da Garwa sannan ta hawo dutse ta iso mu. Bayan ƙaramar sallah aka min aiki a ciki, likita yace sati shida ba ɗaukar nauyi, ba hawa moto, ba tsayuwa kan wuta. Toh wanda ya san turaren wuta ya san tsayuwa kan wutar ita ce sana'ar dukanta, ki narka sukari ki zuba itace kiyi ta juyi hayaƙi na dukan fuskarki. Allah ya taimake ni nayi haɗi mai yawa na sallah ya rage min kwalba sittin da 'yan kai a ƙarƙashin gado, ga ordonans, takardar sayen magani, kuma kullum sabuwa, kuɗin hannu sai zurarewa suke kamar ruwa a kwando.

'Yar yayata da ke karatu a jami'a can Dang ita ta zo dubiya ta ɗauki wayata tace Goggo ai ke da shago a hannunki kike kuka. Ta sauke min WhatsApp Business, kyauta ne ba a biyan ko dala sai dai megan da zai ci, ashe tun 2018 aka fito dashi ni ina nan ina fama da na gama-gari. Ta tambaye ni ko a sa sabon layi, nace a'a tsohuwar lambata kowa ya sani, sai ta mayar da ita can kuma duk tsofaffin hirarrakina suka biyo ba abinda ya ɓata. Wannan shawarar ita ce mafi alheri da nayi a dukan lamarin, zaku ga dalili a gaba.

Bari in fara da katalog tunda shi kowa ke yabo. Waje ne da zaki jera kayanki da hoto da farashi da ɗan bayani, yana ɗaukar har kaya 500, ni 11 gare ni kacal. Kwana biyu muka yi muna ɗaukar hoto, na shimfiɗa farin mayafi kan faranti a bakin taga wajen ƙarfe tara na safe lokacin da haske ke da taushi, in ɗora kwalba in ɗan zuba turaren a gefe dan a ga yadda yake sheƙi, ina kishingiɗe da filo uku a baya. Yayi kyau gaskiya, ni kaina da na gani sai da naji kamar mai babban butik. Amma fa matanmu basa buɗe shi. Ki tura wa mace hoto farashi na rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasa, jaka 3 na sefa, sai ta turo vokal tace Hajiya nawa ne, kuma ba rashin gani bane, so take a yi ciniki a gaisa a tambayi yara, wasu kuma karatun boko ne babu. Wanda katalog ya fi yi wa amfani 'yan Yawunde da Duwala ne masu aikin ofis, su kam su zaɓa su turo kawai.

Akwai kuma saƙon maraba da yake tafiya da kansa in mutum ya miki magana karon farko, ko in ya kwana 14 baku yi magana ba. Nan muka sha dariya. Yarinyar nan ta rubuta min shi da faransanci irin na 'yan jami'a mai tsawo, sai wata Hajiya dattijuwa da ta shekara bakwai tana sayen humrata ta turo gaisuwa, abin ya amsa mata da faransanci, baiwar Allah ta ɗauka na rasu an sayar da layin, sai ga jikanta a ƙofar gida da yamma yana tambaya a hankali ko lafiya. Ranar na goge na rubuta layi biyu da Hausa, sannu da zuwa, ina jinya ne amma kaya na nan, na ƙara gaisuwar "jam na" dan masu Fillanci. Shikenan.

Abinda ya fi min komai a manhajar nan, kuma shi nake so duk mai jinya ta ji, shine saƙon ba na kusa. Sati biyun farko haukacewa nayi, ƙarfe biyun dare waya tayi ƙara in zabura in miƙa hannu ɗinki ya ja ni, in amsa wa wadda daga ƙarshe zata ce toh sai na shirya. Barci ya ƙaura, abinci ma a kan waya nake ci, har maigida ya ƙwace ta wani dare ya sa a aljihun rigarsa yace ke da aka ce ki huta kin buɗe kasuwar dare a gadona. Da safe na sa aka saita min lokaci, daga tara na safe zuwa azahar sai kuma bayan la'asar zuwa magariba, wajen wannan duk wanda yayi magana saƙo zai je masa da kansa cewa na kwanta zan amsa gobe in Allah ya kaimu. Na zata zasu gudu. Ko mutum ɗaya bata gudu ba, sai ma addu'a da nake tashi in tarar, Allah ƙara sauƙi, Allah sa kaffara ne.

Sai alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira, na yi uku, wadda ta yi oda, wadda ta biya, wadda aka aika wa. Da magungunan da nake sha kaina kamar an zuba auduga, ba dan su ba da na aika wa mutum ɗaya kaya sau biyu. Amsa ta gaggawa ma na da daɗi, ki rubuta bayanin yadda ake biya sau ɗaya ki ajiye, in kin danna wannan karkatacciyar sandar (/) sai ya fito ki tura.

Yanzu ga inda nake so a fahimce ni dan naga wasu na ɗauka da an sauke WhatsApp Business masu saye zasu dinga zubowa. Baya kawo miki baƙo ko ɗaya. Sitatus ɗinki da yake ɓacewa bayan awa 24, sai wadda ta ajiye lambarki ke ma kika ajiye tata ce zata gani. Saƙon da ake watsa wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, shima sai wanda ke da lambarki a wayarsa yake isa gare shi. Wato kasuwarki ita ce mutanen da kika tara tun kina da lafiya, shi dai yaron shago ne mai ladabi da baya barci, amma ba zai fita titi ya jawo miki kowa ba. Da na sa sabon layi da ni kaɗai zan dinga kallon hotunana.

Kuma waya bata kai ƙamshi, wannan shine ciwon sana'ata. Abinda ya cece ni dubiya ce wallahi. Kun san mu da dubiya, ɗaki baya rabuwa da mata, sai na sa ƙanwata ta dinga ajiye kasko a bakin ƙofa kullum da kalar da ake sawa, mace ta shigo da kunu da lemo tana sannu da jiki sai kiji tace kai wannan wane ne, ta fita da kwalba. Duk wadda ta zo kuma sai na roƙe ta ta ajiye lambata ta ɗora hoton kayana a nata sitatus ɗin, haka 'yan uwansu na unguwar Birketeri a Yawunde suka same ni. Kowane ƙunshi da zan aika sai na ƙulla ɗan ɗanɗano na wata kalar a leda na jefa ciki, rabin odar da ta biyo baya daga wannan 'yar ledar ta fito.

Inda na yi asara kuwa, wani yaro ne mai cewa shi gwanin talla ne a Facebook, yace in bashi jaka 15 na sati ɗaya mutane dubbai zasu ga kayana su faɗo kai tsaye WhatsApp ɗina. Tsarin gaskiya ne akwai shi, tunda kamfani ɗaya ne ke da su biyun, Meta, kuma ana iya zaɓar gari da shekaru da mata ko maza. Shi gogan naku bai zaɓi komai ba ya sake shi Kamaru gaba ɗaya, ni kuma ban san ana tambaya ba. Saƙo ya fi ɗari, maza masu sannu kyakkyawa, masu neman aiki, wani ma yana tambaya ko ina sayar da maganin basir, mutum biyu ne tak suka saya. Laifina ne da na ba da kuɗi ina kwance ban ga allon da yake dannawa ba. TikTok kam 'yar yayata nata matsa min, mun yi bidiyo biyu hannuna kawai da hayaƙin kasko dan ni bana nuna fuska, an kalla sosai amma forfe, wato data, na sati a kwana biyu ya ƙare, na ajiye shi tukuna.

Maganar kuɗi, a nan Kamaru ba a biya ta cikin manhajar, sai dai Orange Money ko MTN MoMo, kuma ku tuna tun Janairun 2022 akwai harajin gwamnati na kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa banda kuɗin cirewa na asali, dan haka tun farko nake cewa a haɗo da na cirewa kar a zo ana jin nauyin juna. Hoton shaidar biya kuma bana karɓa, wata ta taɓa turo min na bogi na kwalba huɗu, Allah ya sa na duba asusuna kafin ɗan moto ya tashi, da nace kuɗi basu shigo ba sai ta toshe ni. Aike zuwa kudu jirgin ƙasan dare ko motocin ajans, wato kamfanonin sufuri, a sa da yamma washegari ya isa. Sau ɗaya kwalbar humra ta fashe a hanya a wata ajans, mai kayan tace kwalin kam ya iso yana ƙamshi har bakin titi, na sake aika mata wata a bakin aljihuna, tun daga nan kowace kwalba sai an naɗe ta da tsohon zane an cusa cikin gwangwanin madara.

Kafin sati na biyar ƙarƙashin gado ya zama wayam, dole ƙanwata ta hau wuta ina zaune kan kujera daga nesa ina ce mata rage wuta, ƙara sukari, juya kar ya kama. Tukunyar farko ta ƙone mun yi ta faɗa, ta biyu ta fito ras. In za a ce in ba shi maki zan ba shi bakwai cikin goma, ukun da na riƙe na zafin ido ne da ciwon wuya da kuma yadda mutum ke jin kamar dole sai ya leƙa ko da ya kashe.

Maƙwabciyata ta kasuwa ta aiko jiya wai teburina ya yi ƙura yaushe zan dawo. Ranar Litinin zan koma ganin likita, in ya yarda in hau moto zan dinga fita kwana uku a sati sauran in zauna gida da waya. Masu jiran hawi kuma ku yi haƙuri dan Allah, ya ƙare ƙaf, mai kawo min yace yana Kusuri yana jiran mota ta cika.