Kayan ƙyallin 504: sabo na kwali ko a sake wa na asali kurom?

Duk mai tayar da tsohuwar Peugeot 504 sai ya zo wannan mararraba. An gama da inji, mai fenti ya yi nasa, sai ka ga kayan ƙyalli sun dusashe suna ƙwace wa motar kwarjini. Tawa ƙirar Kaduna ce, daga masana'antar PAN ta Kakuri wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975. Na gwada sabbin kayan kasuwa, na kuma aika na asali wani ƙaramin wurin sa kurom a Legas, wato farin ƙarfen nan da ake lulluɓa wa kaya su yi ƙyalli. Aikin wurin nan nake so in faɗi ra'ayina a kai.

Abin da ya fara saye ni shi ne sun ƙi karɓar kuɗin da ba su da hakki a kai. Na haɗa musu da bamba biyu da marufan taya, suka bugo waya suka ce waɗannan ba kurom ba ne tun asali, ƙarfe ne marar tsatsa, abin da Peugeot ta daɗe tana sa wa motocinta. Bugu kawai suke so a miƙe lanƙwasa, sai goge da inji. Haka aka yi, suka fito fes, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba.

Inda aikin yake shi ne hannayen ƙofa. Waɗannan zubin tutiya ne aka lulluɓe da kurom, kuma tutiya daga ciki take ruɓewa. Nawa duk sun yi ƙananan ramuka kamar zanen zanzana, in ka shafa da yatsa sai ka ji kaushi. Mai wurin ya yi min bayani dalla-dalla: za a cire tsohon kurom a ruwan sinadari, a rarake kowane rami har a kai lafiyayyen ƙarfe, a sa jan ƙarfe da lantarki, a cike ramukan da dalma, a goge, a sake sa jan ƙarfe, sannan nikel, sai kurom a ƙarshe. Shi kurom ɗin siriri ne ƙwarai, bai ko kusa da kaurin gashi ba. Yawancin ƙyallin da ido ke gani na nikel ɗin da ke ƙarƙashi ne. Shi ya sa wanda ya yi rowar nikel, kayansa damina ɗaya ta ishe su.

A nan ne sabbin na kwali suka faɗi. Na sayi saiti ɗaya a Panteka, mai shagon yana ta rantsuwa: "Alhaji, wallahi ba ka bambance shi da na kamfani." A cikin leda gaskiyarsa. A hannu kuwa ya fi na asali sauƙin nauyi, kuma da muka zo ɗaurawa ramin noti bai hau daidai ba, sai da bakanike ya ci shi da zarto kafin ya zauna. Ƙofar direba har yanzu sai ka ja da ƙarfi take buɗewa in shi ne a jiki. Bayan ruwan farko gefensa ya fara yin rawaya. Na asali da suka dawo daga Legas, ko gyara zama ba a yi musu ba, suka shige gurbinsu, domin da motar aka yi su.

Wurin ba su rasa laifi ba. Sun ɗauki lokaci fiye da alkawari, sai ka yi ta bin su da waya. Kuɗin hannu ɗaya ya kusa ninka na sabo sau uku. Sannan mai gogensu hannunsa ya yi nauyi a kan ɗaya daga ciki: layin da ke gefen ya kamata ya fito da kaifi, ya mayar da shi sumul. Ba kowa zai lura ba, amma ni ina gani kullum, kuma ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa. Ka ɗauki hoton kowane abu kafin ka aika, ka ja kunnensu a kan layuka da rubutu.

Akwai abin da ban aika ba. Madubin gefe ya tsage har gindi, kuma kurom ba ya ɗinke tsaga, don haka na sa sabo, yana aikinsa. Robobin gilashi da 'yan maɗaurai su ma sabbi sun fi. In kuma ka samu na gwanjo mai lafiya daga wata 504 da aka yanka, ya fi komai araha, kuma tun da an ci gaba da ƙera motar a Kaduna shekaru bayan Faransa ta daina, har yanzu ana dacewa a Panteka da Ƙofar Ruwa. Masu feshin gwangwani da ke ce maka kurom ne, fenti ne kawai, kada ka bari su taɓa maka hannun ƙofa.